Waccan Ce Ta Ce

Ma'aikaciyar jinya Prudence ta ɗaga zanen da aka rufa wa ƙafar Malam Haladu, ta mayar da sauri. Yatsu uku sun yi baƙi, warin ya cika ɗakin. Wata huɗu ke nan rabonsa da allurar ciwon suga. Da Prudence ta tambaye shi wa ya ce ya daina, sai tsohon ya juya fuska wajen bango.

"Waccan ce ta ce."

Ɗiyarsa ta fari, Jamilatu, tana tsaye a bakin ƙofa, haushi kamar ya kashe ta. A jakarsa ta tsinci kwalabe shida na wani baƙin ruwa mai hoton ganye, babu adireshi, sai lambar waya da ba ta shiga. Likita ya ce gobe za a kai shi Katsina, in an yi sa'a ƙafar kaɗai za ta tafi. Jamilatu ta yi rantsuwa sai ta ga matar da ta jawo wa ubanta wannan.

Kuma in wani zai gano ta, to Jamilatu ce, don wannan ne sana'arta. Shekara biyu tana aiki a ɗan ofishin Zainul Abidin a Kankia, inda suke yi wa 'yan kasuwa talla a intanet. Ta san yadda ake zana da'ira a taswira a ce talla ya faɗa wa duk wanda ya haura hamsin tsakanin Rimaye da Kusada. Ta san hoto ya daina ci, yanzu zamanin bidiyo ne da saƙon murya, tunda tsofaffi ba karatu suke ba. Zainul kullum wa'azinsa ɗaya: Hausar Kano ba ta sayar da kaya a ƙauye, mutum yana sayen abin da ya ji a bakin 'yar gida. Duk Alhamis yakan ajiye mata takardu goma ko fiye, na sabulu, na taki, na man zafi, ta karanta su a jere tana naɗar muryarta cikin waya tana kallon agogo, shi kuma ya liƙa hotunan daga baya. Abin ya zame mata kamar tsintar tsakuwa a shinkafa, hannu na yi, hankali na wani wuri.

Ta fara da shafin da ke sayar da maganin. An goge shi. Wannan ma ta san shi: a buɗe shafi, a kwashi ciniki wata uku, a rufe, a sake suna. Ta kira Zainul ko ya san masu shi. Ya ce masu irin wannan kaya sun fi a ƙirga, Allah ya ba Baba lafiya, ya kashe waya.

Da la'asar ta hau mota zuwa gidansu a Kusada. Ƙanwarta Sumaiya ta rantse babu macen da ta shigo gidan da kwalba. Ɗan acaɓa ne ke kawowa, Baba da kansa yake kira a kawo.

"Ni dai na san yana da wata murya a waya," in ji Sumaiya. "Kullum bayan azahar sai shi shiga zaure shi kunna, shi kanga a kunne. In na matso shi kashe. Ran nan na ce Baba mi kake saurare haka, sai ya yi dariya."

Jamilatu ta ji kunya ta kama ta a madadinsa. Dattijo mai furfura, mutumin da tsananin kara ya hana shi kama sunan ɗiyarsa ta fari ko sau ɗaya tun da aka haife ta, wanda in ta zo gaishe shi sai ya amsa yana kallon ƙasa, shi ne wata mai zaƙin baki ta juya kamar waina. Ta tsani matar tun ba ta ji ta ba. Ta san irinsu, a biya su ladan karatu, su tafi su yi barcinsu lafiya.

Wayar tana asibiti, ƙarƙashin matashinsa. Ta dawo asibitin Kankia ana shirin ɗora shi a mota, don zazzaɓi ya hau, likita ya ce ba za a jira gobe ba. Ta durƙusa kusa da kansa.

"Baba, don girman Allah, wace ce?"

Ya buɗe ido, ya kalle ta, abin da bai saba ba. Ya ce, "Ai ba ta ƙarya." Sai aka tura gadon.

Ta zaro wayar, 'yar ƙarama mai maɓalli, lambobinta duk sun goge. Saƙon murya ɗaya ne rak a ciki, irin wanda masu cajin waya ke tura wa mutane a kasuwa. Ta danna, ta kanga a kunne.

"Salamu alaikum iyayena. Wallahi tun da babana ya hwara shan wanga magani ya watsar da allura, yanzu har gona yake tahiya."

Ta san inda mai maganar za ta ja numfashi tun kafin ta ja. Malam Haladu bai ɓoye kowa ba, ya ba Prudence amsa tun da safe. Shekara ashirin da shida ke nan yana kiran Jamilatu waccan.