Layin da Ya Hana Fosta Fita

Kofi ya huce a ɗakin taro na ƙasan coci, gardama kuwa ko alamar hucewa babu. Wanda Comeau, nas ɗin ƙungiyar Lafiyar Matan Gaɓa, ta dafe kai tana kallon layi ɗaya tak da ya hana fostar bana zuwa maɗaba'a: su wa ake gayyata gwajin kansar bakin mahaifa?

Motar gwajin sau ɗaya take leƙo ƙauyensu na masunta a shekara. An riga an ja musu kunne cewa in ba a manna sanarwa mutane sun ba da sunayensu kafin ƙarshen wata ba, motar za ta zarce gari na gaba. Wanda ta san matan da ba su da halin zuwa asibiti a birnin Halifax, ta kuma san ɓarnar da jinkirin shekara guda kan yi. Abin yana cin ranta ƙwarai.

Tamsin, wadda ta dawo daga jami'a da zafinta, so take a rubuta "duk mai bakin mahaifa". Tana da ɗan uwa da aka haifa mace, yanzu yana rayuwa a matsayin namiji, kuma da ya ga "mata" a jikin bango sai ya ɗauka ba da shi ake ba.

Tsohuwa Eunice ta ajiye saƙarta. "'Yar nan, na haifi shida, na binne miji biyu, yau kuma ki kira ni mai bakin mahaifa kamar ana tallan kayan gyaran mota? Rabin ƙawayena ma ba su san suna da shi ba!"

Kowa ya juya ga shugaba, Geraldine Surette. A ƙauyen nan babu wanda ya kai ta hidimar ranar gwaji. Ita ke bin gida-gida da tsohuwar a-kori-kurarta tana kwaso masu noƙewa, ta raka su har ƙofar mota, sannan ta koma teburin shayi tana yanka kek. Shugabanci ne kawai ta yi ta gudu, har sai bana da aka zaɓe ta tana can bikin jikarta. Aikin ma ba wani mai yawa ba ne: ta amince da fosta, ranar gwaji kuma ta riga kowa shiga motar a gwada ta, a ɗauki hotonta don jaridar yanki, kamar yadda kowace shugaba ta saba.

Geraldine ta ce Eunice ce ke da gaskiya, amma a sake zama.

A zama na gaba Tamsin ta gaji ta sallama, ta ce a sa "mata" ɗin, ita za ta kai ɗan uwanta da kanta. Sai ga Geraldine ta miƙe da jawabi mai ratsa jiki kan cewa ba za a bar kowa a baya ba muddin tana kan kujera. Eunice ta saki baki har zarenta ya gangara ƙarƙashin tebur.

Wanda ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Ta gayyaci Eunice da Tamsin gidanta, ta cika su da miyar kifi, ba ta bar su sun tashi ba sai da suka yarda da "mata, da duk wanda ke da bakin mahaifa". Har rungumar juna suka yi, Eunice ta yi alkawarin saƙa wa ɗan uwan Tamsin hula.

Geraldine ta karanta, ta ce layin ya yi tsawo, mai wucewa a mota ba zai iya karantawa ba. Aka ƙara girman rubutu, ta ce ya yi kama da tallan gwanjo. Daga nan ta kawo shawarar a kafa kwamitin da zai ji ra'ayin jama'a, ko da abin zai kai baɗi.

A nan haƙurin Wanda ya ƙare. Ta yanke a ranta cewa kujera ce ta hau wa matar nan kai, kuma ta ji takaicin yadda mutuniyar kirki ta koma haka. Ana jibi wa'adi zai cika ta ɗauki fostar ta nufi gidan Geraldine. Ta same ta a kicin tana murza ƙullin biredi kamar ya yi mata laifi.

"Geraldine, yau ba inda za ni," in ji Wanda. "Eunice ta yarda, Tamsin ta yarda, har limamin coci ya yarda. Ke kaɗai kika rage. Ga biro, rubuta kalmar da kike so, ko 'jama'ar Allah' ce zan buga. Amma in motar nan ta wuce, ke za ki bi gidajen da kika saba bi ki faɗa musu dalili."

Geraldine ba ta karɓi biron ba. Ta goge hannu, ta leƙa falo ta tabbatar mijinta ya yi nisa a kallon wasan hoki, ta turo ƙofa a hankali. Sannan ta matso kusa da Wanda.

"Buga duk abin da kika ga dama, ƙawata, ni ko sau ɗaya kalmar ba ta dame ni ba," ta faɗa da raɗa. "Ki dai gaya min tsakani da Allah, gwajin nan akwai zafi? Ni fa tunda nake ban taɓa shiga motar nan ba."