Layin Burtali

Tunda ka ɗauki aikin zana taswirar nan, zauna ka ji. An yi wani mai zana taswira, gwani ne na gaske, sai dai Allah Ya jarrabce shi da tsoron dariyar mutane. Wata shekara manoma da makiyayan wani gari suka gaji da rigima, dattawansu suka fito suka taka burtali da ƙafa, ana biye da su da na'ura tana ɗaukar alamar duk inda suka tsaya suka amince. Da aka kawo masa alamomin ya haɗa, sai layi ya fito cako-cako kamar haƙoran zarto. Ya ƙura wa layin ido. Wa zai kai wa manya wannan ƙazanta? Ai cewa za su yi hannunsa rawa yake! Sai ya sa kwamfuta ta yi lissafinta, ta bi tsaka-tsakin alamomin, ta shafe kusurwoyi, layi ya kwanta sumul. Aka yaba, aka buga hatimi, aka tura leburori su kafa turakun siminti a kansa.

Amma fa hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ran nan dai ya daure ya ɗora sabon layi a kan tsohon. Ashe kowace kusurwa da ya shafe sulhu ce: nan burtali ya kauce wa gonar wani, can ya zagaye maƙabarta, gaba kaɗan ya lanƙwasa don ya taɓa mashaya. A takarda bambancin bai kai kaurin tsinke ba, a ƙasa kuwa ya isa ya jefa mashayar cikin gonar dawa. Ya hau babur yana salati, yana roƙon Allah Ya sa leburori ba su kai wurin ba. Ina! Ya tarar turaku sun kafu, siminti ya bushe, shanu na kukan ƙishirwa a wannan gefe, masu gona da sanduna a wancan, kowa na rantsuwa ɗayan ne ya ci amana. Ya ɗaga tsohuwar taswira yana ihu, amma wa zai saurari takarda marar hatimi? Kafin la'asar an fasa kan mutum biyu a gabansa.

To kai ma, in ka ga layi ya karkace, tambayi abin da ya karkatar da shi kafin ka miƙar. Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.