Injin Niƙan Dije

"Ranka ya daɗe, har yanzu kwaramniyar tana nan," na ce wa Mai Unguwa Ladan. "Lallai Dije tana kunna injinta a ɓoye."

Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da tarihi a Tudun Wada. Da na yi ritaya, na sayi rediyon gajeren zango mai tsada, irin wanda ake aika magana da shi a kuma karɓa, nakan zanta da abokai na nesa bayan la'asar. Ranar bakwai ga Maris wata kwaramniya ta fara danne muryoyinsu. Na ɗora laifin a kan maƙwabciyata Dije, wadda take ciyar da marayu uku da injin niƙa. Saboda girmana aka hana ta aiki daga la'asar zuwa magariba, lokacin da mata suka fi aiko da hatsi.

Mai Unguwa ya dube ni, ya ce:

"Malam Jibrin, masu niƙa sun koma wani wuri. Yau kwana tara da Dije ta sayar da injin."

Na koma gida, na kunna rediyon, na shiga zare wayoyin ɗakina ɗaya bayan ɗaya. Ina zare cajar fitilata, sai kwaramniyar ta ɗauke, muryar wani abokina na garin Garwa ta fito tangaram.

"Malam, kana jina kuwa?"

"Sarai."

"Madalla. Maƙwabciyar taka ta ji magana ke nan."

Na kasa danna maɓallin amsawa.