Keke Mai Kujera Biyu

"Wannan ƙara gare shi," in ji wata mata, ta ture keken yaran gefe. "Mai kujera biyu nake so, wanda tayarsa ba ta kuka."

Mai shago ya jawo mata wani. Ta gara shi, shiru kamar tafiyar kyanwa. Ta sauke rumfar keken, ta leƙa ta tabbatar ba a ganin fuskar na ciki. Abin ya ɗaure wa mai shagon kai, amma kun san ɗan kasuwa, in ciniki ya zo sai ya haɗiye tambaya.

"Baiwar Allah, shekarunsu nawa? In gyara ɗamarar kujerun."

"Babban shekara biyu, ƙanwarsa sati uku."

"Kai, kamar nawa!" Ya yi dariya, ya gyara ɗamarar daidai jikin 'ya'yansa, har ya kai mata keken mota.

Bayan awa guda matarsa ta kira, bakinta har kunne.

"Baban yara, mun gode! Keken ya yi musu cif. Ma'aikaciyarka da ka aiko ta fita da su gwaji. Ka ce ta dawo haka, jaririyar ba ta sha nono ba."

Shi kuwa, jama'a, bai taɓa ɗaukar ma'aikaciya ba.