Kaurin Rodi

"Baba, kada a zuba kankaren nan, rodin ya yi siriri," in ji injiniyar.

Motar kankare na ta ruri, leburori sun yi cirko-cirko. Mahaifinta, ɗan kwangilar, ya ɗaure fuska.

"Shekara talatin ina gini. Nuna min a rubuce!"

Kundin ƙa'idojin gini tsada gare shi, bai taɓa saye ba. Bai san yanzu kyauta ne a intanet ba. Ta buɗo shafin a wayarta, ta miƙa masa.

Sau biyu ya karanta, sannan ya ce direba ya dakata.

"Mamana," muryarsa ta dusashe, "makarantar da na gina bara, da irin wannan rodin na ɗora benenta."