Yafiya a Saman Zongo

"Tayar gaba ta ƙi fitowa," in ji matuƙin ƙaramin jirgin saman. "Kowa ya yi addu'a."

Mu biyu ne a baya, ni da aminina Amidu, wanda ya ɗauko hayar jirgin wai mu sha iska kafin ya tafi Hajji. Ni da ko zemijan, babur ɗin haya, nake hawa da salati, sai ga ni ina kallon rufin gidana na Zongo daga sama, ina ban kwana da shi.

Amidu ya damƙi hannuna. "Sidi, mutuwa za mu yi. Ni na gaya wa baban Munira kana shan giya, ya hana ka ita, na aure ta. Ka yafe mini!"

Wa zai mutu da riƙo? Na yafe. Har da kukana, har da rungumarsa.

Jirgi ya sauka lafiya lau, ko girgiza babu.

Ina sujudar godiya a bakin jirgin, sai na ji matuƙin yana raɗa wa Amidu:

"Maigida, ya yafe? Ko mu sake tashi, in ce masa mai ya ƙare?"