Fili a Dangoma

Shekarun Lawali ashirin da shida, maɗinki ne a kasuwar Birnin Kebbi, ba shi da gida. A kasuwar Kalgo ya tare Rahmatu, 'yar Fulanin Gwandu mai tallar nono.

"Gida a Birni ya fi ƙarfina," ya ce, kansa a ƙasa. "An ba ni fili a ƙauyen Dangoma, in na yi sammako ina isa wurin aiki. Za ki aure ni mu zauna can?"

Ta daɗe tana gyara faifan ƙwarya.

"Akwai ciyawa?"

"Ciyawa kuma?"

"Saniyata ba ta cin ganuwar birni, Malam."

Ya rasa ko yarda ce ko ba'a. Ta zaro igiyar ɗaure saniyar daga cikin kayanta, ta miƙa masa, ta wuce. Ya jujjuya igiyar, sannan ya shiga kasuwa neman turke.